Ranar da Muka Tafa wa Kukan Malama

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da muka tsaya a wani fili a bayan garin Kwadon, manyanmu da gemunmu, muna tafa wa baiwar Allah tana kuka. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai kaina ya sake ɗaurewa.

Bari in faro daga tushe, don na san wani zai ce me ya kai ma'aikacin gwamnati wasan yara. Muna da wata ƙungiya a nan Gombe. Mun ƙirƙiri wata ƙasa da babu ita a duniya, muka sa mata suna Daular Tsamiya, kowa kuma yana da wanda yake zama a cikinta: wannan sarkin yaƙi, wancan maƙeri, waccan mai magani. Ƙarshen wata sai mu sa kayan da, mu ɗauki takubban katako, mu tafi fili mu yi rayuwar mutanen nan. Babu rubutaccen zance, abin da ya zo bakinka shi za ka faɗa. Matata in ta ga ina naɗa rawanin wasan sai ta ce, "Allah dai ya shirya."

Muna kuma da shafinmu a intanet, wiki muke ce masa, inda kowa yake rubuta tarihin ƙasar. Doka biyu ce ke riƙe da mu. A shafi, abin da aka rubuta ba a gogewa, sai dai a ɗora a kai. A fili kuwa, duk abin da ka faɗa wasa ne, ko da zagi ne, sai in ka ɗaga farin ƙyallen da ke ɗaure a hannunka, alamar da gaske kake. Ni ke kula da shafin, a wasan ma ni ne marubucin fada.

Akwai wata malamar makaranta a cikinmu, 'yar kudancin jihar nan ce, tana zaune a unguwar Hammadu Kafi. Malama muke ce mata. Ita ta rubuta mana labarin Mutanen Kan Tudu, kuma wallahi ba a taɓa sa abu mai kyansa a shafin ba. Wai a wata shekarar yunwa mutane suka gudu kan dutse, wata mata ta hau da ƙwaryar irin dawa, ta hana kowa taɓawa. Ɗanta ya mutu a goye a bayanta, ba ta tauna ko ƙwaya ɗaya ba. Da ruwa ya sauka, irin nan aka shuka, gari ya rayu. Malama ta zama jikar matar nan a wasan.

To, sai jarrabawa ta zo, Malama ta nutse cikin duba takardun ɗalibai, ta daina leƙa shafin. A lokacin ne wani ɗan'uwanmu mai shagon waya a unguwar Pantami, mutum mai son rikici a labari, ya ɗora nasa. Ya rubuta cewa matar nan sato irin ta yi daga rumbun maƙwabta, ta bar su suka mutu da yunwa. Wani ya ƙara cewa har tsinuwa aka yi wa zuriyarta. Kowa ya ce kai, labari ya yi armashi! Ni ma na karanta na ce madalla, ai haka ake yi kullum. Nan take shugabanmu ya ce wasan watan nan shari'ar jikokin ɓarauniyar iri za a yi.

Ranar wasa Malama ta sauko daga Keke mai ƙafa uku tana dariya, da zanen saƙinta da 'yar ƙwaryarta. Aka zaunar da ita a tsakiyar fili a ƙarƙashin wata bishiya. Mai shagon waya ya miƙe, shi ne mai gabatar da ƙara, ya nuna ta da sanda ya ce, "Ga jikar ɓarauniya! Kakarta ta ci amanar maƙwabta!"

Malama ta dube shi ta ce, "Me ka ce?"

Ya maimaita, har da ƙarin gishiri. Sai ta miƙe ta ce, "Ƙarya kake! Wa ya ba ka izinin taɓa ta? Ɗanta fa ta binne!" Hawaye suka zubo mata shar.

Jama'a suka ɗauki tafi. Wani ya yi ihu, "Kai, Malama ta iya!" Ni kuwa alƙalami yana hannuna, na kasa rubuta komai. Na dubi fuskarta, zuciyata ta ce wannan kukan gaske ne. Na dubi hannunta, ƙyalle yana nan a ɗaure, ba ta ɗaga ba. To wanne zan bi? In na tsayar da wasa alhali wasa take yi, na ɓata mata rawar da ba ta taɓa takawa ba. In kuma na yi shiru alhali da gaske take, to me muke yi ke nan? Na matsa kusa da shugaba na raɗa masa, "Oga, anya kuwa?" Ya ce, "Ka ga ƙyalle a sama? Rubuta abinka, Malam."

Ta juyo gare ni ta ce, "Kai ma kana gani ka bari?" Wallahi ban san da wa take magana ba, da marubucin fada ko da ni. Don tsabar ruɗewa sai na amsa mata da muryar wasa, na ce, "Fada ba ta goge tarihi." Aka sake tafi. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta kama hanyar bakin titi. Har ta yi nisa wasu suna cewa gudun hijira ne jikar take yi, a sa a tarihi. Sai da muka ga ta tsayar da Keke ta shiga, sannan muka gane ba wasa ba ne.

Washegari da la'asar muka je gidanta, ni da shugaba da mai shagon waya. Ta kawo mana ruwa, ta zauna. Ta ce matar mai ƙwarya ba ƙirƙira ba ce, mahaifiyar kakarta ce. Kakar ce take ba su labarin tun suna yara, kuma ta rasu 'yan watanni kafin Malama ta rubuta shi. "Tsoro na ji kar in manta yadda take faɗinsa," in ji ta, "shi ya sa na ajiye shi a wurinku."

Na ce, "To Malama, me ya hana ki ɗaga ƙyallen?"

Ta ce, "Malam, a zagi kakarka a gaban jama'a, ta ƙyalle za ka yi?"

Mai shagon waya ya rasa inda zai sa kansa. "Anti, don girman Allah ki yafe min, na ɗauka daga kanki kika ƙago shi." Shugaba kuma ya shiga kame-kame, wai doka ta hana gogewa, amma za a iya ɗora cewa maƙiya ne suka yi wa matar sharri. Malama ta girgiza kai. Ta ce gobe wani zai zo ya ɗora wani abin a kan wannan ma, ita kuma ba za ta zauna gadin kabari ba. "Ku bar nasa, shi ya ƙago abinsa. Nawa nake so ku ba ni."

A ranar na cire rubutunta daga shafin da hannuna, karo na farko da aka taɓa goge wani abu a Daular Tsamiya. Na tura mata rubutunta yadda ta sa shi tun farko. Ta amsa da "Na gode," shi ke nan. Muna gaisawa lafiya lau in mun haɗu a kasuwa, har ta tambayi iyali, amma ba ta sake taka filin nan ba. Abin yana min ciwo har yanzu, don ita ce ta fi mu duka iya labari.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da mutum ya ajiye a tsakar jama'a ne na jama'a ba, wani ajiya ce ya kawo don ya yarda da ku. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo sabon labari shafinmu, kafin in bari kowa ya ɗora ko kalma ɗaya sai na kira shi na tambaye shi: wannan daga kanka ya fito, ko daga gida ka ɗauko?