Rabon Sarkin Ruwa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga birnin Greensboro, a nan ƙasar Turawa, ni da abokina, bayan mota cike da guduma da zarto. Mun tsaya a High Point Road muka sha mai, wanda shi ma ya yi tsadar da sai da na yi tsaki, muka sayi biredi. Abokina ko loma bai iya yi ba.

Gidansa muka nufa, wani ɗan ƙaramin gida a bakin tafki, tafiyar awa guda. Can ya ajiye mahaifinsa, tsohon masunci daga Yawuri. A bayan gidan akwai 'yar gadar katako da ta shiga cikin ruwa, wadda a nan ake kira dok. Kullum a kanta Baba yake wuni da ƙugiyarsa, kuma ita kaɗai ta hana shi cewa a mayar da shi gida Yawuri. To, hukuma ta sake ƙara kuɗin lasisinta. Takarda ta ce ko a biya kafin Juma'a, ko a cire. Abokina ba shi da kuɗin, don haka cirewa muka je yi, Baba bai sani ba.

Hanya lafiya lau, sai gonakin dawakai da itatuwa. Muna kusa na ga gidaje biyu da suka riga suka cire tasu, sai turaku tsirara a ruwa.

Baba na ganin guduma ya washe baki. "Madalla! Ku fara da wancan katakon, ya ruɓe."

Muka kalli juna. Haka muka wuni muna gyaran abin da muka zo rushewa, har na buge yatsana. Sai da la'asar abokina ya daure ya gaya masa.

Baba ya ce, "Ai ko a Yawuri Sarkin Ruwa yana da rabonsa. Laifinmu ne, ba mu taɓa gaishe da na nan ba." Ya zaɓi mafi girman kifin da ya kama, ya naɗe da kansa. "Ku kai masa. Ku ce ni baƙo ne, tsoho."

Mun dawo kafin magariba. Na dai gane cewa cire katako ba wuya, gaya wa tsoho ne aiki. Yau Laraba. Kifin yana cikin firjina, kuma har yanzu ban san ofishin da zan kai shi ba.