Ranar da Na Juya Maigida Ya Ba Alƙibla Baya

Maigidana direba ne a wani gida a Maitama, mu kuma muna haya a Jikwoyi. Wata Asabar da hantsi yana shan koko ya yi tari, sai ga jini a kofin. Ya duba, ya ce ƙila dasashi ne. Da ya sake tari, jinin ya kusa kai rabin kwanon da na tara masa, ja jawur, har da kumfa.

Yayansa mai shagon atamfa ne ya fara isowa. Mutum ne da bai taɓa rasa abin yi a gidan wani ba. Ya kalli kwanon, ya yi salati, ya kwantar da ƙanin nasa a hannun dama, fuska na kallon alƙibla, ya shiga laƙƙana masa kalmar shahada. Ni kuwa ina tsaye da kwano kamar mai jiran rabo. Na tsorata ƙwarai, na kuma ji haushi, don ko tambayata ba a yi ba aka fara sallamar mijina.

Sai ga maƙwabciyarmu, wata nas da Hausarta ba ta gama nuna ba, da kumfar wanki a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Oga, wane gefe kana ji yana ƙara?"

Ya nuna ƙirjinsa na hagu.

"A juya shi. Hagu ƙasa."

"Baiwar Allah, alƙibla nan take," in ji Yaya.

"Alhaji, jini daga huhun hagu yana fito. In hagu yana sama, zai zuba cikin mai kyau. Da me zai numfashi? Kar a ba shi ko ruwa. A kawo mota yanzu-yanzu, nau-nau!"

Yaya bai motsa ba. Shekara tara da aurena ban taɓa musa masa ba, ko sunansa ba na kamawa. Na ajiye kwanon, na ce, "Yaya, gafara," na kama kafaɗar mijina na mirgina shi.

A haka muka kai shi asibiti a motar wani maƙwabci, kwance a hagu, muna ta fama da cunkoson Nyanya. Aka sa masa oksijin, aka ƙara masa jini, aka yi hoton ƙirji, aka zura masa wani siririn bututu mai kyamara. Ba tarin tibi ba ne, ba ciwon daji ba. Likita ya ce wani lokaci ba a gano dalilin, kuma abin yana iya dawowa.

Ya warke, ya koma bakin aikinsa. Har yau in ya yi gyaran murya yana alwala a tsakar gida sai in ajiye ludayi in tsaya, ba na ɗauka sai na ji ya ci gaba da alwalarsa.