Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Ko da zan manta da komai na zamana a cikin Birnin Zazzau, ba zan manta da wani hantsi ba, a shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Yau na tsufa, haƙora sun zube, amma ina tuna abin kamar jiya aka yi.

Auren zumunci aka yi mini da ɗan goggona, don haka surukata ita ce Goggo, yayar mahaifina. Danginmu akwai kurumta, kowa ya sani, ba dai mai faɗa. Ƙanen maigidana kurma ne, kullum yana zaure yana aikin babbar riga. Saboda haka gidan yake da wata al'ada: ranar suna, in mata sun watse, sai Goggo ta lallaɓo ta saki tasar tagulla a bayan jariri. In ya razana, a yi hamdala. In bai motsa ba, kowa ya sunkuyar da kai.

Da aka zo kan 'yata ta fari, tasa na faɗuwa ta zabura ta tsala kuka. Goggo har guɗa ta yi. Daga ranar magana ta ƙare a wurinta, yarinya tana ji, tasa ta tabbatar.

Ni kuwa, kun san alkunyar ɗan fari a wancan zamani. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, a ɗakin Goggo take kwana. In ina son ta sai in ce "ke", ko in aika a kira ta. Amma idona yana kanta. Da ta kai shekara biyar na lura bakin mutum take kallo in ana magana. Wata rana ta ji, wata rana sai an maimaita. Na taɓa tuntuɓar Goggo a kaikaice, ta harare ni ta ce taurin kai ne irin na ubanta, kuma tun yaushe uwa ta fara sa ido a kan 'yar fari. Ban sake tayar da zancen ba.

Ranar da abin ya faru, Goggo ta aike ta kai ƙullun koko maƙwabta. Fitarta ke nan na ji ihu daga wajen Ƙofar Doka, ana cewa san mahauta ya tsinke igiya. Lungunmu kuwa matsattse ne, jaki mai mangala da ƙyar yake wucewa. Ban san lokacin da na yar da muciya ba. Ni da ba na leƙa zaure da rana, sai ga ni a bakin ƙofa ba mayafi ba takalmi.

Ta hagu na hango san, jajawur, ƙahonsa kamar za su goge katangun nan biyu, yana jan guntuwar igiya. Ta dama kuma ga 'yata a tsakiyar hanya, ta ba mu baya, kwano a ka, tana tafiyarta a hankali. Mutane a kan katanga da bakin zauruka suna ta ihu ta kauce. Ko waiwaye ba ta yi ba.

A nan na buɗe baki na kira sunanta, sunanta na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun da na haife ta. Na kira da duk ƙarfina har maƙogwarona ya kama zafi. Ba ta juyo ba.

Ƙanen maigidana bai ji ihun ba, fuskata ya gani. Ya leƙa, ya zare takalminsa ya jefa, ya same ta a gadon baya. Ta juyo a fusace. Sai ya ɗaga tafin hannunsa ya manna a bango da ƙarfi. Nan take yarinyar ta saki kwano ta faɗa wani ɗan loko da ke jikin katanga ta lafe. San ya wuce mu, na ji hucinsa a fuskata, ya wuce ta, igiyar ta zabge ta a ƙwauri. Daga nan ban sake sanin komai ba sai da na ji ana yayyafa mini ruwa.

Ashe ƙanen maigidana ya daɗe da ganewa. Zaman da take yi wurinsa a zaure suna ta wasa da hannu, mu muna cewa shirme ne, magana yake koya mata.

Washegari maigidan ya kai mu asibiti, Goggo ta biyo mu tana mita. Likita ya duba, wata nas 'yar Wusasa tana mayar mana da Hausa. Ta ce can cikin kunne akwai wani ruwa da ji ya dogara a kansa, kuma gishirinsa da ma'auni yake, kamar miya. Tun yaro yana ciki ake daidaita shi. In ya gaji matsalar daga uwa da uba duka, ma'aunin yakan kauce, wani a haife shi kurma, wani kuma jin ya riƙa tsiyayewa a hankali.

Goggo ta ce, "To ai ta razana ranar suna, da idona na gani."

Nas ɗin ta ce, "Haka ne, Inna, a lokacin tana ji. Yanzu saura kaɗan a kunnen dama, shi ma ba mu san ko zai daɗe ba. Ku yi ta yi mata magana tun yana nan."

Muna komawa gida, a tsakar gida, gaban Goggo da matan gidan duka, na jawo ta na ɗora a cinyata. Na sa bakina a kunnenta na dama na faɗi sunanta. Ta ɗago ta dube ni da mamaki, ta ce, "Ashe kin san sunana?" Na fashe da kuka. Goggo ta juya ta shige ɗaki, tasar nan kuma ban sake ganin an fito da ita ba.

Kafin ta kai shekara goma sauran jin ya tafi. Yanzu tana da jikoki, amma duk ranar da ta zo gaishe ni sai ta ɗora yatsunta a maƙogwarona, in faɗi sunan, ta yi murmushi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in zuciyarka ta ga wani abu a jikin ɗanka, kada kunya ko tsoron manya su rufe maka baki. Kuma ka kira ɗanka da sunansa tun yana iya amsawa. Ni shekara shida na yi ina riƙe da na tawa a baki, ranar da na sake shi kuwa, bai isa kunnenta ba.