Shukar Litinin

Ruwan shuka na shekarar da na cika tara ya sauka ranar Asabar da la'asar, tun Bature bai san hanyar Madarumfa ba. Washegari gari ya watse gona, maza da sungumi, mata da yara da ƙoren iri, Musulmi da Arna kowa na tsere da laimar ƙasa. Gidanmu kaɗai bai fita ba. Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ya zaunar da mu, ya kama waƙar da ya koyo a Lakwaja, inda bauta ta kai shi yana saurayi, ya dawo da tabon mari a ƙafa da sunan Almasihu a baki.

Mutanen garinmu sun rasa inda za su aje shi. Ba ya salla, ba ya yanka wa iskoki zakara, ko giya bai iya sha ba. Da aka ga rana ɗaya yake hutawa, sai masanan bakin tabki suka yanke cewa iskarsa sunanta Lahadi, kuma ragguwa ce. Mu muka sha sakamakon wannan bincike. Wajen kiwon awaki, wajen langa a dandali, bin mu ake da "'Ya'yan Lahadi, uwarku ta tashi barci?"

Da hantsin wannan Lahadin kawuna, ƙanen Inna, ya kira ni bayan rumbu, don ni ke da ƙaramin jikin shiga ciki. Ya ce, "Ɗan nan, miƙo mini irin in shuka muku, ubanka ya yi ta waƙarsa. Ƙasa ba ta jira." Gaskiya ya faɗa, kuma don ƙaunarmu. Na ce, "Kawu, yau ba mu shuka." Ya ce yunwa za ta koya mini karatu. Na koma tabarma na ɗaga murya fiye da kowa, ko da yake waƙar ba da Hausa take ba, rabinta ma ban san abin da take cewa ba.

Litinin muka shuka, ƙasa ta riga ta sha iska. Ba zan yi wa labari ado ba, babu abin al'ajabin da ya faru. Ruwa ya ɗauke, geronmu ya fito tsilli-tsilli kamar gemun saurayi, tun kafin bazara muka koma ga busasshiyar tafasa da ɗan kifin tabki. Kawu ya aiko da dami biyu, da saƙon a gaida Lahadi. Baba ya karɓa, ya yi godiya, ya ce a gaya masa ita ba ta amsa gaisuwa, Mai ita ke amsawa.

Yanzu na tsufa, na gama koyar da 'ya'yan mutane a lakwal, makarantar boko. Muna da ɗakin sujada har da ƙararrawa, gwamnati kuma ta raba wa ma'aikata hutun Lahadi kyauta, jikokin masu yi mana dariya na cikin masu miƙe ƙafa. Ina kallon samarinmu suna shigowa sujada a makare, suna hamma, ba na ganin laifinsu. Su tarar da ranar suka yi. Mu da tuwon shekara guda muka saye ta.