Keken Masinja Mai Naɗewa

Har ya yi ritaya, har furfura ta cinye masa kai, babu wanda ya daina ce masa Masinja. Tun yana saurayi yake rarraba takardun ofis a kan baƙin kekensa, irin mai nauyin nan da in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi ta ɗingishi. Aikin ya cinye masa gwiwoyi. Yanzu daga ƙofar gida zuwa shagon aski ma sai ya tsaya ya dafa bango, amma ɗora shi a kan sirdi ka ga mutum. Keken nan shi ne ƙafarsa. Abu biyu ya tsana a duniya: ya ga kaya yana girgiɗi, da kuma ya buɗe baki ya ce wa wani ya rage masa hanya. A gidansa babu kujerar da ke rawa, babu ƙofar da ke kuka.

Sai ga Auta, 'yarsa da ke aure a ƙasar waje, ta haihu, ta aiko da tikiti ta ce su zo su daɗe. Matarsa ta kama shirya akwati tana ta murna. Shi kuwa abin da ya fara zo masa a rai shi ne kansa zaune bakin taga a gidan suruki, yana jiran a taso daga aiki a fita da shi kamar wani buhu. Tir! Ya ce in ba da keke ba, ba inda za shi. Auta ta ce ai akwai masu naɗewa, ya nemi mai sauƙin kuɗi wanda zai shiga jaka.

Ranar da ya shiga shagon kekuna, tsakin da ya yi sai da mai shago ya waiwayo. Wai waɗannan ne kekuna! Taya kamar murfin tukunya, feda ta roba, launi iri-iri sai ka ce alewar yara, ga wani warin sabuwar roba mai tayar da zuciya. Masu ɗan kyawun kuwa, fanshonsa ko kusa da su bai isa ya je ba. Mai shago, bakinsa kamar an zuba masa mai, ya ɓalle wani maɗauri a tsakiyar wani kore, ya naɗe shi biyu, ya warware, ya ce ga shi nan, har ƙaramin yaro ma zai iya. Masinja ya matsa birki, ya ɗaga ya dire, ya jijjiga sirdi yana yamutsa fuska. A cikin tarkacen dai koren nan ne mai dama-dama, ya biya yana Allah wadai da zamani.

A hanyar gida gwiwoyinsa ba su yi ƙorafi ba, gaskiya. Amma maƙwabta suka yi ta tambayarsa ko na jika ne ya aro, kuma duk ramin da ya faɗa sai gaɓar tsakiyar nan ta ce ƙyas-ƙyas. Wannan ƙarar ta fi dariyar mutane ci masa rai.

Washegari ya tura shi wurin Mai Walda, abokinsa na tun ƙuruciya, wanda ya gyara masa gado da ƙofa da duk wani ƙarfe da ya taɓa motsi a gidan. Wurin cike da mutane, shi kuma kunya ta hana shi tsayawa ya yi bayanin irin abin da ya saya da kuɗinsa. Ya jingina keken, ya faɗi abin da ya saba faɗa, wato yana rawa, a kashe masa rawar, ya juya abinsa.

To Mai Walda bai taɓa ganin keke mai naɗewa ba. Da ya duba, abin da ya gani shi ne keken da ya karye biyu, wasu marasa tsoron Allah suka maƙala shi da ɗan maɗauri suka sayar wa tsoho. Ya tsine musu son ransa. Ya bi gaɓar nan da wuta ta ƙasa da ta ciki, ya goge, ya shafa koren fenti, ya mayar da maɗaurin inda yake don kada abokinsa ya ji kunyar an cuce shi.

Masinja ya hau, ya faɗa rami da gangan, shiru. A karo na farko ya ji keken ya kwanta masa. Ya yi ta yawo a kai yana cewa ashe abin ba laifi, hannu kawai yake so. Bai taɓa gwada naɗewa ba, tunda ya ga yadda mai shago ya yi.

Safiyar tafiya, tasi na jira a ƙofa, ya shimfiɗa jaka, ya ɓalle maɗauri, ya tura. Ko gezau. Ya sa gwiwa, gwiwar ce ta amsa. Matarsa ta fara dariya, da ta ga fuskarsa ta haɗiye. Ana haka Mai Walda ya shigo sallama, ya ga abin da ake, ya bugi ƙirji.

"Kada ka wahalar da kanka, ɗan'uwa. Ko mota ta bi ta kansa ba zai sake karyewa ba."

Da aka yi masa bayani sai ya cire hula ya riƙe. Direba na ta hon. Mai Walda ya ruga ya ɗauko zarto, ya raba keken gida biyu a tsakar gida, ya ce ai ba komai, duk mai waldar da ke bakin titi a can zai haɗa masa. Masinja ya zuba guntayen a jaka, ya ja zif.

Can kuwa babu mai walda a bakin titi. Wani mai gyaran kekuna da aka kai wa ya ɗaga guntayen da yatsa biyu, ya ce a zubar, ba zai sa hannu a abin da zai kashe mutum ba. Suruki, mutumin kirki, ya ce zai sayo sabo mai kyau. Masinja ya ce sam, ba zai ɗora wa mai sabon jariri nauyi ba. Guntayen suka koma bayan ƙofa, kusa da tsintsiya.

Ya riƙa zama bakin taga yana kallon mutane suna wucewa a kekunansu, har da tsofaffin da suka girme shi. Gashi ya taru masa, ƙeya ta yi buzu-buzu, shi da ba ya bari ta kai haka. Shagon aski yana can ƙarshen titi, yana hango alamarsa. Ya gwada da ƙafa, bai kai rabi ba ya dawo yana dafa bangon mutane.

Da yamma suruki ya shigo, bai ko ajiye makullin mota ba. Masinja ya daɗe yana kallon makullin.

"In ba ka gaji ba," ya ce, idonsa a ƙasa, "don Allah rage mini hanya."