Layin Da Ya Ƙi Karɓar Mutuwa

Jama'a, wallahi wannan da ni ya faru, shekarun baya ina aikin kwamfuta a buro, wato ofishin ƙungiyar 'yan Nijar, da ke Tahaggart, cikin Tamanrasset. Sunayen matafiyanmu a babban injin kwamfuta na Agadas suke zaune, mu leƙe kawai muke ta intanet. Injinmu kuwa yana da wani hali: in kana bin sunayen layi-layi, ka tsaya kan ɗaya ka ce a gyara wannan da nake kai, sai ya ƙi, wai teburin sunayen ba na gidansa ba ne, na Agadas ne. Sai dai ka kira mutum da lambarsa ta rajista. Wannan hanyar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Wata rana bayan azahar Alhaji Ilu mai shagon shayi da sukari ya shigo. Ƙanensa Sani, direba, ya ɓace tun kafin azumi, an tsinci motar ba kowa. Al'adarmu sai buro ya rubuta mutum ya rasu sannan a yi sadaka, matarsa ta shiga takaba.

"Malam, rubuta kawai," in ji shi, idonsa ja. "Mun gaji da jira."

Tausayinsa ya kama ni. Na kira lambar Sani na rubuta, sai injin ya ƙi, da wannan amsar ta bin layi, alhali ni ban bi layi ba! Na sake, ya ƙi. Na gwada gyara sunan wani, nan take ya karɓa. Raina ya ɓaci, don ni ba na son na'ura ta raina ni gaban mutane, na buga wa mai kula da injin Agadas waya ina faɗa, na ce injinsa ya ƙi ni.

"Wane inji?" ya ce. "Tun safe ba kuran, an ɗauke wuta, a kashe yake."

Innalillahi! To wa ke amsa mini? Na ce Alhaji ya yi haƙuri, yau dai hannuna ba zai rubuta ba. Ya fita yana ce mini matsoraci.

Ran Juma'a sai ga wani Buzu mai lambu daga Outoul da Sani a bayan mota, ya rame ƙwarai. A hamada suka tsince shi, sai a makon nan ya tuna sunansa. Alhaji ya rungume shi yana kuka, ni ma na yi.

Har yau ban san wa ya riƙe layin nan ba. Don Allah, wanda ba ku ga gawarsa ba, kada ku yi saurin shafe shi.