Malam Nu'uman, Wa Zai Yi Maganar Fadama Ranar Litinin?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga watan Janairu, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Nu'uman Abbas a gidansa da ke Gwadangaji, ana gab da zaman da za a yanke hukunci kan fadamar ƙauyenmu.

Malam, kai ka koya mana Turanci a sakandare a Argungu. Akwai kalmar da kake yawan rubutawa a allo, articulate. Ka ce kada mu ɗauka ɗaga murya take nufi, ko jero manyan kalmomi. Wanda ake yabo da ita shi ne mai fitar da maganarsa sarai, har na ƙarshen aji ya ji, ta yadda gobe ba mai iya cewa wani abu dabam ya faɗa. Ni da nake haɗiye rabin magana, kakan tsayar da ni gaban allo, kai ka koma bencin baya ka saurara. Ba ka taɓa bari an yi mini dariya ba.

Bara wani kamfani ya nemi fadamarmu, kusa da Augie, inda iyayenmu ke noman shinkafa. A zaman farko a Birnin Kebbi dattawanmu suka sunkuyar da kai gaban manya, kamar yadda aka rene su, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Aka rubuta cewa ba su ƙi ba. A zama na biyu ka zo da sandarka, ba ka da ko taƙi a fadamar. Ka gaida kowa da girmansa, sannan ka ce, "Ranku shi daɗe, ba su yarda ba." Ka maimaita da Turanci. Dalilin ɗage hukuncin zuwa Litinin mai zuwa ke nan.

Jiya a zaman makoki Baba Hodi, dattijon manomanmu, ya riƙe hannuna ya ce, "Kalilu, kai munka kai jami'a. In ba ka buɗe baki ba, ina za mu shuka bana?"

Kamfanin ya riga ya kafa turakunsa a gefen gonaki, kuma har yau muryata na rawa gaban manya. Amma na ce masa zan tashi in yi magana a zaman.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya daidaita harshenka wurin amsa tambaya. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Laure, da 'ya'yanka Sumayya da Aminullahi, Allah Ya ba su haƙuri. Wanda ya yi maka addu'a, ya haɗa da mu ranar Litinin.